Gwaggo da Zakirar Mai Yankan Riɗi

Ni na sayi kwamfutar, amma ban daɗe ina kiranta tawa ba. A lokacin ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata ta unguwarmu a Gadarif, na gaji da rubuta jarrabawa da hannu ina kai wa masu bugawa a kasuwa. Wani abokin aikina zai tashi da iyalinsa, sai ya sayar mini da tsohuwar tasa: baƙin akwati mai tsayi, da shasha, wato gilashin da ake kallo, mai ƙaton ƙeya irin ta tsohuwar talabijin, da 'yan sifiku biyu, ɗaya muryarta tana rawa. A raksha, keken nan mai ƙafa uku, na kawo ta gida ina rungume da shashar a cinyata.

Mu uku ne a gidan, ni da mahaifiyata da Gwaggo, yayar mahaifina. Ɗakunanmu na ciyawa ne, sai ɗaki ɗaya na bulo da mahaifina ya gina kafin rasuwarsa, a nan na ajiye kwamfutar don shi ne mai wuta da ƙofa mai rufuwa. Gwaggo ta shafe fiye da shekara ashirin tana dafa wa ma'aikata abinci a manyan gonakin Fashaga, tana bin su daga wannan kambo zuwa wancan, wato sansanin da suke kwana a tsakiyar gona. Da gwiwoyinta suka gaza sai ta dawo gida ta zauna. Ba ta taɓa shiga aji ba. Karatun allo ta yi tana yarinya, shi ya sa take karanta Larabci a hankali, da ƙarfi, yatsanta yana bin layi.

Abu na farko da ta yi wa kwamfutar shi ne ɗinka mata mayafi daga wani tsohon zanenta. Bayan haka sai ta riƙa jawo kujera tana zama a bakin ƙofa idan ina aiki, tana tsince shinkafa ko tana ɓare tafarnuwa. Na ɗauka iskar fanka ke kawo ta.

Wata rana da la'asar na zare katin memori daga wayata, wanda a nan muke ce wa zakira, na saka shi a 'yar tsagar da ke gaban akwatin, na kunna bidiyon sunan ɗan ƙanwata. Ana cikin hayaniya, mahaifiyata ta gifta riƙe da tire, sai Gwaggo ta ajiye faranti.

"Mayar da ita baya."

Na mayar.

"To tsayar da ita nan. Ana iyawa?"

Na danna, mahaifiyata ta tsaya cak da tire a hannu, bakinta a buɗe. Gwaggo ta taso ta zo daf da shashar ta daɗe tana kallo.

"Ashe haka take yamutsa fuska idan ta ɗauki kaya," in ji ta. "Shekara talatin muna gida ɗaya ban lura ba. Nuna mini inda kika taɓa."

Daga ranar aka fara. Maus ne ya fi ba ta wahala. Hannun da ya saba tuƙa asida ta mutum arba'in bai san motsi kaɗan ba, tana turawa sai kibiyar ta ɓace a kusurwa. Danna sau biyu a jere kuwa sai da ta yi kusan mako tana gwadawa, ko dai ta yi jinkiri ko ta danna da ƙarfin da zai ture maus ɗin. Ni kuma ba ni da haƙurin koyar da manya. Nakan ce, "Gwaggo, kawo in yi miki." Sai ta ce, "Ustaza, 'yan ajinki ma haka kike karɓe musu alƙalami?" Ustaza take ce mini idan tana so ta tsokane ni, sauran lokuta kuwa 'yar nan.

Akwai abin da ta fi ni tun daga farko. Kwamfutar da Larabci take magana, kuma duk saƙon da ya fito ni ban cika karantawa ba, na'am kawai nake dannawa in wuce. Gwaggo ba ta taɓa danna komai ba sai ta karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Kalmar da ba ta sani ba sai ta jira in dawo daga makaranta ta tambaye ni. Sau da yawa na dawo na tarar da saƙo a tsaye a shasha tun hantsi, ita kuwa tana rumfa tana gasa bunnin jabana, gahawarmu ta nan, tana jira.

Ita ta raɗa wa abubuwa sunayensu. Inda ake tara hotuna da muryoyi a ciki ta ce masa buhu. 'Yar robar da ake zura ƙaramar zakirar waya a ciki kafin ta shiga tsagar kwamfuta ta ce mata riga. Har ni na koma faɗin haka.

A shekarun nan waya ta riga ta shiga hannun kowa, amma irin 'yan ƙananan nan masu maɓalli. A kambo kuwa ba a samun layi sai an hau saman lori ko an yi tafiya zuwa wani tudu, kuma ko an samu, magana biyu ce ta katse. Abin da ma'aikata suka dogara da shi shi ne zakira: karatu, waƙoƙi, wasan kwaikwayo, abin da zai ɗebe musu kewa idan an tashi daga aiki. Wata maƙwabciyarmu ta kawo zakirar mijinta a zuba masa karatu kafin lori ya tashi. Gwaggo ta zuba, sannan ta ce mata, "A zamaninmu kaset ake aika musu, mace ta zauna ta yi magana har ya cika. Ke ba ki da abin faɗa masa? Shiga ɗakin can da wayar, ki ɗauki muryarki da ta yaran."

Kafin damina ta yi nisa, ɗakin bulo ya zama gidan waya. Mata suna zuwa da muryoyinsu, Gwaggo tana juya su cikin zakira, ta naɗe kowace a takardar tsofaffin littattafan ɗalibaina, ta ɗaure da zare mai launi. Wani direban lori da ta sani tun tana aikin girki shi yake kaiwa, ya dawo da na can. Kowane gida da buhunsa a cikin kwamfutar, domin zakira aba ce kamar farce, ta faɗi cikin baƙin taɓon nan namu shi ke nan.

Dokokinta biyu ne. Idan tana juya muryar wani sai ta kashe sifikun, ba ta sauraron abin da mace ta faɗa wa mijinta. Kuma ba a zare zakira sai kwamfuta ta ba da izini. Ranar da ta gan ni na fizge tawa ina sauri, ta ce, "Ba ta sallame ki ba fa." Na ce ba komai, kullum haka nake yi. Ta dube ni ta ce, "Taki ce, ki yi yadda kike so. Ta mutane kada ki taɓa."

Bayan an gama yankan riɗi na wata shekara, ranar wata Asabar da hantsi, wata mata ta yi sallama a ƙofarmu. Ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba, riƙe da hannun 'yarta mai kamar shekara huɗu. Daga wani ƙauye kusa da Basunda ta zo, direban lorin ne ya kwatanta mata gidan. Sai da ta sha ruwa ta huta sannan ta kwance bakin mayafinta ta fito da waya, gilashinta ya yi fari kamar an shafa masa gishiri.

Mijinta ya tafi yankan riɗi Fashaga, zazzaɓi ya kama shi, kwana biyar ya rasu, a can aka binne shi. Abokan aikinsa suka kawo mata bargonsa da laujensa da wannan wayar. Ruwan sama ya taɓa dukansa da ita a aljihu, tare da takardar shaidarsa, hoton da ke jikin takardar ya narke ya zama tabo. Ta gama takaba kwanan nan.

"Hajja, ba ni da hotonsa ko ɗaya," in ji ta. "Yarinyar nan ta fara tambayata yadda fuskarsa take. Ni ma idan na rufe ido wani lokaci ba ya zuwa daidai. Kullum yana ɗauke-ɗauke da wayar nan. Aka ce ke kina iya fito da abin da ke ciki."

Gwaggo ta ce, "Za mu gwada, 'yata. Ban yi miki alkawari ba."

Ta buɗe bayan wayar da farce ta zaro zakirar, ta sa mata riga, ta zura. Ni ce a kan kujera don ranar babu makaranta. Saƙo ya fito, hannuna ya riga ya kai kibiya kan na'am, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Riƙon masu tuƙi ne, ban iya motsi ba. Gwaggo ta sunkuyo ta karanta da ƙarfi, harafi bayan harafi, ta tsaya a wata kalma.

"Wannan me take nufi?"

Sai a lokacin na karanta. Kwamfutar tana cewa ba ta gane zakirar ba, tana neman izini ta share ta gaba ɗaya ta mayar da ita sabuwa. Na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce, "Tashi in zauna."

Ta danna a'a, ta fito da zakirar ta kai bakin ƙofa inda haske yake. 'Yan haƙoran zinariyar da ke bayanta sun dushe, sun yi kore-kore. Ta ce in ba ta magogin fensirina. Ta ɗora zakirar a tafin hannunta tana gogawa a hankali, tana hurewa. Ta sake sakawa, saƙon ya dawo. Ta canza mata wata rigar, ta sake gogewa, ta yi bismilla ta zura. A karo na uku buhunan suka bayyana.

Matar ta miƙe tsaye. Gwaggo ta ce, "Zauna tukuna. Ba za mu buɗe komai ba sai an kwashe." Muka zauna muna kallon koren layin yana rarrafe, ni ina addu'ar kada a ɗauke wuta. Da ya kai ƙarshe, ta juya ga matar.

"Akwai bidiyo a ciki, akwai magana. Kin yarda in kunna sifika, ko mu fita mu bar ki?"

"Ku zauna, Hajja. Ba zan iya ni kaɗai ba."

Mutumin nan mai son ɗaukar hoto ne ƙwarai. Ga riɗi an jingina dami-dami yana shan rana, ga hadari ya haɗo ta gabas, ga tarakta ta kafe a taɓo mutane suna turawa, ga wani jaki da ban san abin da ya burge shi da shi ba har sau shida. Ga 'yarsa tana barci, tana cin kisra, tana kuka. Ga matar da kanta tana shanya, ta ɗaga hannu tana kare fuska. Da Gwaggo ta kunna bidiyo na farko sai murya ta fito, mai kauri, tana dariya, tana ce wa masu turin tarakta su ƙara ƙarfi, da Hausa yana gauraya Larabci. Matar ta juya fuskarta ga bango. Can ta ce, "Sake." Gwaggo ta sake har sau huɗu. Yarinyar ta leƙa bayan sifikar tana neman mai maganar.

Muka bi hotunan nan kaf, fuskarsa ba ta fito ko sau ɗaya ba. Kullum shi ne a bayan wayar.

Gwaggo ta ce matar ta kwana biyu a wurinmu. Ta tambaye ni ko akwai yadda ake rage wa bidiyo gudu. Ban sani ba, sai da muka bi jerin umarnin tare, tana karantawa ina gwadawa, muka samo inda ake sa shi tafiyar hawainiya, muka kuma samo maɓallin da ke matsar da shi hoto ɗaya ɗaya. Tunaninta shi ne, mai ɗauka yakan yi kuskure, waya ta suɓuce ko ta juya. Yini biyu ta yi a kan kujerar nan, daga safe har azahar, daga la'asar har a kira magariba. Ta samo takalminsa na roba. Ta samo inuwarsa doguwa a kan tamfol. Ta samo hannunsa na hagu yana nuna wani abu, da hannun koriyar riga mai faci da farin zare, matar ta ce ita ta yi facin. Sau ɗaya ya fito a madubin lori, muka taru mu uku a gaban shashar, amma wayar ta rufe masa fuska daga goshi har haɓa.

A rana ta uku Gwaggo ta zuba mata komai a sabuwar zakira, ta raka ta tasha. Matar ta yi godiya sosai, ta ce muryar ma ta ishe ta. Ni dai na ɗauka magana ta ƙare.

Da muka dawo gida Gwaggo ta sake kunna bidiyon taraktar, ta tsayar da shi kan wani dattijo mai farin gemu da ke turi a gefe.

"Wannan na san shi. Mutumin Fau ne, na ciyar da shi shekaru, ba ya cin yaji. Wancan mai jan rawani ma na san shi. 'Yar nan, shi yana ɗaukar su, su ba mai ɗaukarsa? Kowa da waya a kambon nan."

Na ce, "Gwaggo, mutanen nan sun watse, kowa ya koma garinsu. Kuma ke ba ki taɓa ganin mutumin ba, ko ya fito yaya za ki gane shi?"

"Na san rigarsa, na san takalminsa, na san dariyarsa. Su kuma sun san fuskarsa."

Ta ba direban lorin saƙo. Ta hau raksha ta je kasuwa, wajen masu shayi inda ma'aikata suke zama suna jiran aikin yankan dawa, ta bi su rumfa rumfa da gwiwoyin nan nata. Duk wanda ya yi aiki a wannan kambon, ta ce, ya zo gida da zakirarsa, ba za a taɓa masa komai ba, shi zai zauna a duba tare da shi. Mahaifiyata ta yi gunaguni kan maza suna ta sallama a ƙofa, amma ita ce ke dafa musu shayi.

Sun zo ɗaya ɗaya, cikin kusan wata biyu. Ba zan manta yadda suke zama ba, manyan mutane masu kaushin hannu, a bakin kujera, hula a gwiwa, suna cewa, "Hajja, wallahi da na sani da ban goge ba." Yawancinsu sun share hotunan gona don su sami wurin zuba waƙa. Mai jan rawani ya zo, nasa babu komai sai kokawa. Wani ya rantse ya ɗauke shi suna cin abinci, aka duba, bayansa ne kawai. Gwaggo ba ta nuna gajiya a gabansu. Kowa ta gama da shi sai ta juya masa nasa a buhu idan yana so, ta tambayi lafiyar iyalinsa. Bayan sun tafi ne take sa tsumma mai sanyi a idanunta.

Dattijon Fau shi ne ya zo a ƙarshe, don saƙon ya daɗe bai same shi ba. Ya ce shi bai iya ɗaukar komai ba, wayar ma ɗansa ne ya ba shi, amma ranar da aka kakkaɓe riɗin farko wani ya karɓa ya yi ta wasa da ita. Bidiyo ɗaya ne tak a ciki, mai girgiza, rabinsa sama ake gani. Mutane suna kifa damin riɗi a kan tamfol suna bugawa, ƙwayar tana zuba kamar yayyafi. Muka kalla har ƙarshe, dattijon ya ce bai gan shi ba.

Gwaggo ta ce, "Bari mu bi shi a hankali."

Ta rage gudun. Wajen tsakiya, a can gefen dama, wani ya gifta da dami a kafaɗa. Ta tsayar.

"Koriyar riga," in ji ta.

Dattijon ya matso har gemunsa yana taɓa shashar. Gwaggo ta fara danna maɓallin, hoto ɗaya, hoto ɗaya. A cikin bidiyon wani ya kira mai koriyar rigar daga baya, mutumin ya fara juyowa. Kunne ya fito, sai kunci, sai fuskar gaba ɗaya, yana dariya, da wushirya. Dattijon ya ja da baya ya zauna.

"Shi ne. Allah ya jiƙansa, shi ne."

Duk juyowar ba ta kai numfashi biyu ba. Hotuna takwas ne ko tara fuskar take ciki, yawanci sun yi dishi-dishi. Gwaggo ta yi gaba ta yi baya a cikinsu har shayin dattijon ya huce, sannan ta zaɓi ɗaya ta ce in nuna mata yadda ake cire shi ya zama hoto. Da kanta ta kai situdiyo a kasuwa. Mai situdiyon ya ce zai gyara shi ya sa masa furanni a gefe da kwat, ta ce ya bar mutum da rigarsa da daminsa, ya dai ƙara girman.

Na ce mu ba direba ya kai. Ta ce wannan ba saƙon da ake aikawa ba ne. Ranar Juma'a da sassafe muka hau mota zuwa Basunda, daga nan muka hau bayan wata a-kori-kura zuwa ƙauyen. Mun tarar da matar tana daka a tsakar gida. Da ta gan mu ta tsorata, ta zaci wani abu ne ya faru. Gwaggo ta zauna a kan gadon igiya, ta sha ruwa, ta gaisa da kowa yadda ya kamata, sannan ta zaro ambulan daga jakarta.

Matar ta goge hannuwanta a zane ta karɓa. Ta zaro hoton ta ƙura masa ido. Na zaci kuka za ta yi, amma abin da ta fara faɗa shi ne, "Ya rame." Can kuma ta ce, "Wannan hular ba tasa ba ce. Ko ta wa ya ara?" Sai ta yi 'yar dariya, hawayen suka biyo baya.

Ta kira yarinyar ta ɗora ta a cinya. Yarinyar ta kalli hoton, ta kalli uwar, ta sa yatsa a kan haƙoransa, sannan ta taɓa nata.

"Me yake ɗauke da shi?"

"Riɗi ne."

"Ina zai kai?"

Uwar ta dubi Gwaggo. Gwaggo ta ce, "Wajen tamfol zai kai a kakkaɓe. Aiki yake yi, aka kira shi ya waiwayo." Yarinyar ta gamsu, ta sauka ta tafi ta kira 'ya'yan maƙwabta su zo su gani.

Sun hana mu tafiya sai da muka ci abinci. A hanyar dawowa motar tana jijjiga mu, Gwaggo ta miƙe ƙafafunta a kan buhun wani tana matsa gwiwa. Na ce mata ta yi abin da ba kowa zai yi ba. Ta ci gaba da matsa gwiwarta. Ta ce, "Hoto a tsaye yake. Ya kamata yarinyar ta ga yadda yake juyowa. Ana iya yanko wurin nan kaɗai a sa mata a zakira?" Na ce ban sani ba. Ta ce idan mun isa sai mu duba. Mun yi kwana uku muna fama, muka yanko shi, direban lori ya kai.

Bayan 'yan shekaru manyan wayoyi suka zo, layi ya kai gonaki da yawa, mata suka koma aika muryarsu kai tsaye daga tsakar gida. Masu sallama a ƙofarmu suka ragu. Kwamfutar ma ta tsufa, takan mutu tana tsakiyar aiki, fankarta tana ƙara kamar injin niƙa. Mai gyara ya duba ya ce kwananta ya kusa. Ni jarrabawoyina na kwashe na bar sauran. Gwaggo kuwa ta sa aka sayo mata zakira da yawa, ta zauna tana juye buhun kowane gida, tana naɗewa, tana aikawa ko ta kai da kanta. Wasu sun manta ma suna da ajiya a wurinta. Wata tsohuwa ta karɓi nata ta ji muryar jikanta tun yana koyon magana, alhali yanzu har ya shiga makaranta. Akwai buhu biyu da masu su suka bar gari ba a san inda suka nufa ba. Waɗannan ta sa su a gwangwanin da take ajiye allura da zare, ta rubuta sunan kowa a takardarsa da rubutunta na allo, ta ce mini idan wani ya zo nema bayan ba ta nan, in duba a ƙarƙashin zaren.